Yayen ƴan awaki da ƴan tumaki: abin da yis ke iya yi

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, darasinmu na wannan karo ya shafi yaye. Kun san ɗan akuya ko ɗan tunkiya na shiga haɗari cikin makonnin farko bayan an raba shi da nono. Yana ramewa, gashinsa ya tashi, wani lokaci zawo ya kama shi. Wanda ya rame a lokacin nan, ko ya tsira, da wuya ya cim ma tsaransa. Asara ce ga mai gida da uwargida, don jar akuyar Maraɗi dukiya ce.

Mene ne dalili?

Muddin ɗan akuya na shan nono, tumbinsa ƙarami ne. Sai ya fara tsinkar ciyawa da lasar dusa tumbin ke girma, ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani su yawaita a ciki. Su ne ke narka ciyawa. In anka yaye shi rana ɗaya, tumbi bai shirya ba. Zai ci, amma abincin ba zai zama nama ba.

Mene ne yis?

Shi ne garin nan da masu gasa burodi ke sawa cikin ƙulli don ya kumbura. Abu ne mai rai, masana na kiran sa Saccharomyces cerevisiae. A ƙasashen Turai, masu kiwon aladu na yaye ƴan aladu da sati 3 zuwa 4, kuma su ma zawo na damun su. A da suna zuba musu maganin antibiyotik cikin abinci don su yi saurin girma. Tarayyar Turai ta hana wannan tun 1 ga Janairu 2006, saboda ƙwayoyin cuta na sabawa da magani. Daga nan anka ƙara juyawa ga yis. Akwai irin da ake haɗawa musamman don shanu, tumaki da awaki.

Aikinsa cikin tumbi

Halittun da ke narka ciyawa ba su son iska. Yis mai rai na shanye ɗan iskar da dabba ke haɗiyewa tare da abinci, sai su sami daɗin yawaita. Yana kuma rage tsamin tumbi in dabba ta ci dusa ko hatsi da yawa. Amma ku lura: a wasu gwaje-gwaje ƙananan dabbobi sun ƙara nauyi, a wasu ba a ga bambanci ba. Yis mataimaki ne. Ba ya maye gurbin harawa, ba ya kashe tsutsar ciki.

Abin da ya kamata ku yi

1. Tun suna sati 2 zuwa 3, ku aje musu harawar wake ko ta gyaɗa mai laushi, da ƴar dusa, inda uwa ba ta kaiwa.
2. Ku yaye su wajen wata 3, sannu a hankali: ku fara raba su da uwa da rana, daga baya har da dare.
3. Ruwa mai tsabta kullum, da gishiri ko kanwa don lasa.
4. Ku kai su ga malamin dabbobi don allura da maganin tsutsa.
5. In za ku sayi yis, ku nemi na dabbobi. Awonsa garam kaɗan ne kowace rana. Ku bi abin da anka rubuta bisa leda, malamin dabbobi zai nuna muku.
6. Ku gauraya shi da busasshiyar dusa. Ruwan zafi na kashe shi. Ku aje shi a inuwa, baki ɗaure.
7. Kada ku ba dabba ɗanyen ƙullin burodi, yana kumbura ciki har ya kashe.

Ku gwada da kanku

Tunda kun iya rubutu da lissafi, ku yi amfani da su. Ku raba ƴan awakin ƙungiyarku kashi 2, masu wata ɗaya da abinci ɗaya. Kashi ɗaya kawai za a ba yis. Ku auna kowane a sikeli ranar yaye, ku sake aunawa kowane sati 2, ku rubuta cikin littafi. Bayan wata 2, ku gwama ƙarin kilo da kuɗin da kunka kashe. In riba ta fito, ku ci gaba. In ba ta fito ba, kuɗin nan ya fi amfani wajen sayen dusa da harawa.

Allah ya ba da sa'ar kiwo.