Yadda ake amfani da "due to" a saƙonnin waya da na banki

Duk wanda ya saba cirar kuɗi wajen mai POS a Zabi ko kasuwar Sabon Gari ya san wannan saƙo: "Transaction failed due to network error." Ma'anar "due to" ita ce "saboda" ko "sakamakon". Abin da ya biyo bayanta shi ne musabbabin matsalar, don haka shi ya kamata a fara dubawa.

Idan aka ga "due to insufficient funds", kuɗin da ke asusun ne ba su kai ba, ko sau goma aka sake turawa ba za su tafi ba. Idan kuwa "due to network error" ne, a duba ragowar kuɗi kafin a sake turawa, kada a biya sau biyu.

Wajen rubutu, suna ne ke bin "due to", ba cikakkiyar jimla ba.

Daidai: "My upload failed due to poor network."
Kuskure: "My upload failed due to the network is poor."

In cikakkiyar jimla ake so, sai a sa "because": "because the network is poor."

A kula, idan aikatau ya biyo baya, ma'ana ta sauya. "Your data is due to expire tomorrow" na nufin data za ta ƙare gobe, babu maganar dalili.

Gwaji: ɗalibin ABU Samaru zai rubuta wa malaminsa cewa bai tura aikinsa ba saboda rashin wutar lantarki. Yaya zai rubuta da "due to", yaya kuma da "because"?