CIWON SUKARI: HANNU ƊAYA BA YA ƊAUKAR JINKA

Darasi ga jama'ar Betso da kewaye, a Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa

Ciwon sukari yana samuwa ne idan jiki ya kasa yin wani ruwa da ake kira insulin, ko kuwa ya kasa aiki da wanda ya yi. Wannan ruwa shi ke shigar da sukarin abinci cikin tsoka don ya zama ƙarfi. In ya gaza, sai sukari ya taru cikin jini, a hankali ya ɓata idanu da ƙoda da jijiyoyin ƙafa. Alamominsa su ne yawan fitsari, ƙishirwa marar yankewa, rama ba dalili, kasala, da gyambon da ya ƙi warkewa. Awon jini kaɗai ke tabbatar da shi. Ba a warkewa sarai, amma mai kiyaye ƙa'ida yana iya tsufa da ƙafafunsa da ganinsa.

Abin da ya sa nauyin ya dawo gida

A shekarar 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata, suka amince a kai kiwon lafiya har ƙofar talaka. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya kafa wannan tsari a Nijeriya, aka horar da ma'aikata masu bin gida-gida. Amma a 1986 aka shiga shirin tsuke bakin aljihu, magani ya yi ƙaranci a asibitoci. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, alhali kasafin Tarayya bai kai wannan adadi ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta keɓe aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya domin kiwon lafiya na tushe. Sa'an nan darajar naira ta faɗi a 2023, kuɗin magani ya hau, a 2025 kuma Amurka ta rage taimakonta.

Duk sa'ad da kuɗi suka ragu, ziyarar gida ce ke fara tsayawa, domin tana bukatar babur da mai da alawus. Mai ciwon sukari kuwa kusan duk jinyarsa a gida take. Saboda haka lalle ne a raba aikin, kowa ya riƙe nasa.

Rabon aiki

1. Mai ciwo. Shi ne shugaban ƙungiya. Ya sha magani kullum, ko da ya ji garau. Ya riƙe ɗan littafi inda za a rubuta awonsa. Kada ya shiga gona ba takalmi, gama ciwon yana kashe jin zafi, ƙaya ta soke shi bai sani ba.

2. Uwargida. Tukunya ita ce rabin magani. Ba a hana tuwon dawa ko na masara ba, a dai rage malmala, a yawaita miyar kuka da kuɓewa da zogale da wake. A bar lemon kwalba da zuba sukari a shayi da kunu.

3. Ɗa ko ɗiya. A zaɓi mutum ɗaya a gida wanda zai duba tafin ƙafar mai ciwo da tsakanin yatsu kowace yamma. In ana allurar insulin kuma babu firji, a ajiye kwalbar cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a inuwa.

4. Ma'aikacin lafiya na ɗakin shan magani. Shi zai auna sukari da hawan jini, ya duba littafin, ya tura asibiti in abin ya fi ƙarfinsa. In bai sami zuwa gida ba, ku ku je masa.

5. Likita da mai ba da magani. Su kaɗai ke da ikon ƙara magani ko rage shi. Mai niyyar azumi ya nemi shawararsu tun kafin watan ya kama. Gyambo ko dushewar gani, a garzaya Babban Asibitin Mubi, daga can in ta kama a wuce Yola.

6. Masu unguwa, limamai da fastoci. Su tara masu ciwon su yi adashe, don kada magani ya yanke lokacin damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa kuma hanya ta ɓaci. Mutanen Mubi sun ga abin da yankewar magani ke haifarwa a watan Oktoba na 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka shiga gari, jama'a suka watse, asibitoci suka rufe.

Gargaɗi

In mai shan magani ya soma rawar jiki da gumi da ruɗewa, sukarinsa ne ya faɗi. Maza a ba shi sukari ko zuma. In ya suma, kada a ɗura masa kome, a kai shi asibiti. Kuma duk wanda ya ce yana da sassaƙen da zai raba ku da ciwon, kuɗinku yake so.

Jama'a, hukuma tana da nata nauyi, kuma haƙƙinku ne ku tuntuɓi kansilanku da kwamitin raya mazaɓa a kan ɗakin shan maganinku. Amma ƙafar da aka yanke, kasafin baɗi ba zai mayar da ita ba.

Tambayoyi

1. Kawo alamomi huɗu na ciwon sukari.
2. Don me ziyarar gida ke fara tsayawa in kuɗi sun ragu?
3. A gidanku, wa ke duba ƙafar mai ciwo?