Nazari A Kan Jerin Adadi Mai Haifar Kansa

Idan manomi a Rano ko Kibiya yana da dami 12 na gero, yana iya kasa su ɗai-ɗai, ko bibbiyu, uku-uku, huɗu-huɗu, ko shida-shida, ba saura. Waɗannan su ne adadan da ke raba 12, ban da shi kansa, jimlarsu kuwa 16. In aka yi wa 16 haka za a sami 15, sannan 9, 4, 3, 1. Jerin ya mutu ne domin 3 ba ya rabuwa sai da 1 da shi kansa.

To amma ba kowane jeri ke mutuwa ba. Shi 6 kansa yake haifarwa. Shi kuwa 220 yakan haifi 284, 284 kuma ya komo da 220. Sabitu ɗan Ƙurra, masanin Bagadaza da ya rasu a 901, ya fitar da ƙa'idar samo irin waɗannan aminan adadai.

Catalan a 1888 da Dickson a 1913 sun yi hasashen cewa kowane jeri ko dai ya mutu, ko ya yi kewaye. Har yau ba a tabbatar da wannan ba. Ƙaramin adadin da ya gagara shi ne 276, domin jerinsa ya yi ta ƙasaita har farfasa adadansa zuwa waɗanda ba su rabuwa yana wahalar da kwamfuta.