HATTARA DA LAIMAR KWAƊI!

Uwargida, da damina ta kankama, laimar kwaɗi, wadda wasu ke kira naman kaza, takan tsiro a kurmi, a gindin itatuwa da kan ruɓaɓɓen kututture. Wata ana ci, wata kuwa dafi ce mai kisa, kuma sau da yawa kamarsu ɗaya.

ALAMUN HATSARI

1. Zobe a wuyan karanta.
2. Wata 'yar jaka a gindinta, a binne cikin ƙasa.
3. Ƙarƙashin laimar fari fat, ko kuwa kore-kore.

Amma fa rashin waɗannan alamu bai nuna ta ci ba ce. Wadda ba ki sani ba sarai, kada ta shiga tukunyarki.

KADA A RUƊE KI

Dafuwa ko suya ko shanya ba su kashe dafin. Don tsutsa ko akuya ta ci, ba hujja ba ce.

IN YARO YA CI

Mafi munin dafin ba ya nuna kansa da wuri. Ciwon ciki da amai da zawo sukan fara bayan awa 6 zuwa 24. Daga nan sai yaro ya yi kamar ya warke, alhali dafin yana cin hantarsa.

1. Kai shi asibiti nan da nan, tun kafin amai ya fara.
2. Kada ki ɗura masa manja ko madara, kada ki sa shi amai.
3. Ƙunshe ragowar cikin takarda, ki nuna wa likita.
4. Duk wanda ya ci tare da shi, a duba shi.

Ja wa yara kunne, su bar tsinkarta in sun je itace.

RIGAKAFI YA FI MAGANI.