WATANDA A BIRNIN RIYAD

 

Zancenmu na yau ya taso ne daga wata takarda da wani mai sauraronmu ya aiko mana daga Riyad, babban birnin ƙasar Saudiyya. Ya ce su bakwai ne, Hausawa mazauna can, kowa da iyalinsa. Sun gaji da sayen nama kilo-kilo a kanti, don haka suna so su haɗa kuɗi su tafi gona su sayi sa guda, a yanka, su raba. Tambayarsa biyu ce. Shin akwai riba a ciki? Kuma yaya za su yi naman ya daɗe bai lalace ba?

To, wannan dabara dai ta gida ce, ita ce mu ke kira watanda. A Kano da Katsina da Maraɗi, idan salla ta ƙarato, sai mutanen unguwa su yi karo-karo, a sayo sa daga kara, a kira mahauci ya feɗe, a kasa nama tsibi-tsibi, kowa ya ɗauki rabonsa. Amma akwai bambanci. Naman watandar gida kwana ɗaya ko biyu ya ke yi a cinye shi. Su kuwa mutanen Riyad so su ke su ajiye nasu har watanni, a ƙasar da ta ke cikin mafiya zafi a duniya. Nan ne ilmi ya ke da abin faɗa.

Bari mu fara da lissafi. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, shi kuwa mai sayen dabba a tsaye yana kusa da yin haka, domin abin da ya gani ya fi abin da zai ci yawa nesa. Mu ƙaddara an ɗora sa a kan sikeli ya kai kilo 400. Idan an yanka, aka fitar da jini, aka cire kai da ƙafafu da fata da kayan ciki, gangar da ta rage takan kama daga kashi 50 zuwa kashi 60 cikin 100 na nauyinsa. Mu ce kilo 220 ke nan. A cikin wannan ma akwai ƙashi da kitse da jijiya, waɗanda kan ɗauki kusan sulusi. Ashe tsokar da za a samu ba za ta wuce kamar kilo 150 ba. Idan mutum bakwai suka raba, kowa ya tashi da kilo 21 da 'yan kai.

Yanzu mu sa kuɗi a kai, don misali kawai. A ce an sayi san nan riyal 7,500. Wanda ya raba kuɗin da nauyin dabbar tana tsaye zai ga kamar kilo bai kai riyal 19 ba, ya yi ta murna. Alhali in ya raba da tsokar da ya samu, kilo ya kama riyal 50. Sa'an nan ga la'adar dillali, ga kuɗin mota, ga ladan mahauci, ga wutar lantarkin ajiya. Ta wani gefen kuma, kada a manta da hanta da ƙoda da tumbi da kai da ƙauri, waɗanda su ma abinci ne mai daraja a wurinmu. Sai an haɗa wannan duka aka gwada da farashin kanti, sa'an nan a san ko an ci riba. A tuna fa, yawancin naman shanun da a ke sayarwa a kantunan Saudiyya daga waje a ke kawo shi, daga ƙasashe irin su Barazil da Indiya da Ostareliya, sau da yawa kuma ya fi na gida araha. Wani abin lura shi ne tumbin sa babba yana iya ɗaukar abinci da ruwa mai nauyin gaske. Saboda haka ya fi kyau a auna dabba da safe kafin ta ci ta sha, ko kuma a yi ciniki a kan nauyin ganga bayan fiɗa.

Abu na biyu shi ne zaɓen dabbar. Wanda ya saba da kasuwannin Wudil ko Maigatari ko Potiskum, inda ya ke ganin Bunaji da Bokolo da Rahaji masu tozo, zai tarar da wani abu dabam a can. Kimanin kilomita 80 kudu maso gabas da Riyad akwai yankin Alkharji, inda a ke da manyan gonakin madara, irin na kamfanin Almarai wanda aka kafa a 1977. Shanun irin waɗannan gonaki masu baƙi da fari ne, marasa tozo, asalinsu daga Turai. Madara a ke nema a wurinsu, don haka maruƙa maza su ne a kan yi wa kiwon nama. Tsohuwar saniyar da ta gama ba da nono kuwa namanta tauri gare shi. Yaya za a gane shekaru? Sai a buɗe baki. Shanu ba su da haƙoran gaba a sama, amma suna da guda 8 a ƙasa. Na farko ƙanana ne, na nono. Wajen shekara 2 sai manya guda biyu su fito a tsakiya, daga nan a yi ta ƙarin biyu-biyu har su cika 8 wajen shekara 4 zuwa 5. Dabba mai manyan haƙora biyu ko huɗu ta fi tsohuwa taushin nama, domin jijiyoyin da ke ɗaure da tsoka ƙara tauri su ke yi da tsufa.

A duba kuma lafiyarta: ido garau, hanci da danshi, tana tuƙa, ba tari, ba zawo, ba ɗingishi. A tambayi mai gona ko an yi mata allura kwanan nan. Kowane maganin dabba yana da adadin kwanakin da a ke jira kafin a yanka, don ya fita daga jiki. In ba a jira ba, sauran maganin yana nan a cikin nama da hanta, iyalinka ne za su ci.

Abu na uku, wurin yanka. Dokar Saudiyya ta hana yanka a wajen mayankar da hukuma ta yarda da ita, kuma akwai tara a kan wanda ya saɓa. Kada a ɗauki wannan takurawa ce kawai. A mayanka likitan dabbobi yana duba dabba tana raye, ya kuma sake dubawa bayan fiɗa, sa'an nan ya buga hatimi. Me ya ke nema? Yana duba huhu da kaluluwa saboda tarin fuka, wanda ke kama shanu ya kuma kama mutane. Yana tsaga hanta saboda tsutsar da ke zama a cikinta. Yana tsaga tsokar muƙamuƙi da zuciya da harshe, yana neman wasu 'yan ƙulle-ƙulle farare kamar ƙwayar shinkafa. Waɗannan su ne 'ya'yan tsila. Wanda ya ci su a naman da bai dahu ba, tsila za ta girma a hanjinsa har ta kai tsawon mita da yawa.

Akwai kuma cututtukan da haɗarinsu ya fi kan mai yanka da mai fiɗa. A shekarar 2000, zazzaɓin nan da a ke kira na Kwarin Rift ya ɓarke a yankin Jazan na kudancin Saudiyya da kuma Yaman. Wannan shi ne karo na farko da aka tabbatar da shi a wajen Afirka, kuma mutum fiye da 100 suka rasu a Saudiyya kaɗai, har hukuma ta hana shigo da dabbobi daga ƙasashen gabashin Afirka na wani lokaci. A 2016 kuma ya ɓulla a jihar Tawa ta Nijar. Sauro na yaɗa shi, amma mutane da yawa ta wajen taɓa jini da naman dabba mai ciwo su ke ɗauka. Rigakafi dai ya fi magani.

Yanzu mu zo kan abin da ke faruwa a cikin naman kansa. Kowace tsoka tana da wani irin sukari da ta ke ajiyewa don aiki. Idan an yanka dabba jini ya tsaya, sai sukarin nan ya riƙa juyewa yana zama tsami, irin tsamin da ke cikin kindirmo. Masana suna da ma'aunin tsami, wanda lamba 7 ce tsakiyarsa, kuma ƙasa da 7 tsami ke nan. Tsokar mai rai tana wajen 7, amma cikin kwana guda bayan yanka sai ta sauko wajen 5.5. Wannan ɗan tsami yana rage wa ƙwayoyin ruɓa ƙarfi. To, dabbar da aka wahalshe ta, aka yi doguwar tafiya da ita cikin rana, aka dake ta, aka tsorata ta, ta riga ta ƙone sukarinta tun tana raye. Namanta sai ya fito baƙi-baƙi, ba isasshen tsami, ya yi saurin lalacewa. Ashe tausaya wa dabba da addini ya umurta, da barinta ta huta ta sha ruwa kafin yanka, amfaninsa har cikin tukunya.

A cikin wannan kwana guda kuma tsoka takan sandare. Bayan haka sai wasu sinadarai da ke cikinta su fara sassauta ta a hankali. Shi ya sa a ƙasashe da yawa a kan rataye ganga a ɗakin sanyi mako ɗaya ko biyu kafin a sayar. A 1963 wasu masana a ƙasar New Zealand suka nuna cewa idan aka sanyaya naman sa da gaggawa ƙwarai tun bai sandare ba, tsokar takan tsuke, ta yi tauri. Saboda haka kada a ɗauko nama da ɗuminsa a jefa cikin injin ƙanƙara. A roƙi mayanka ko mahauci ya bar gangar ta kwana a ɗakin sanyi tukuna.

Amma babban abokin gaba shi ne zafi. Akwai wasu halittu ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, a na ce da su bakteriya. Cikin tsokar dabba mai lafiya kusan babu su, amma suna cike da fata da hanji da ƙasa, wuƙa da hannu da tabarma su ke kai su kan nama. Yadda su ke haihuwa shi ne ɗaya ta rabu biyu, kuma in sun sami ɗumi da danshi, wasunsu kan yi haka kowane minti 20. Ku lissafa. Cikin awa ɗaya, ɗaya ta zama 8. Cikin awa 7 ta haura miliyan 2. Sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas. A Riyad kuwa zafin rana a watan Yuli yakan kai digiri 43, cikin mota a rufe ya fi haka. Don haka a yi yanka da asuba, a ɗauko nama cikin akwatin sanyi da ƙanƙara, a zarce gida kai tsaye. In da hali ma a yi watandar a lokacin hunturu. A ware kayan ciki dabam, a fara cinye su, domin su ne ke riga lalacewa.

Sa'an nan sai ajiya. Firiji, wanda sanyinsa bai wuce digiri 4 ba, yana riƙe ɗanyen nama kwana 3 zuwa 5. Injin ƙanƙara kuwa, in ya kai digiri 18 ƙasa da sifiri, yana riƙe naman sa wata 6 zuwa shekara da daɗinsa, niƙaƙƙe kuma wata 3 zuwa 4. Tun 1882 jirgin ruwa mai suna Dunedin ya kai daskararren naman tumaki daga New Zealand zuwa London lafiya lau. Daga baya wani Ba'amurke, Clarence Birdseye, ya lura a ƙasar Labrador cewa kifin da ya daskare nan take cikin tsananin sanyi yana riƙe daɗinsa. Dalili shi ne kusan kashi uku cikin huɗu na tsoka ruwa ne. Idan ya daskare a hankali, ƙanƙarar takan yi manyan tsinke masu huda tsoka, ranar da aka narkar sai romon ya tsiyaye. Idan ya daskare da sauri, tsinken ƙanana ne. Saboda haka a yanka nama gwargwadon girkin yini ɗaya, a ƙulle a leda a fitar da iska, a shimfiɗa shi fale-fale, a rubuta kwanan wata. Kada a cusa kilo 21 gaba ɗaya a ƙaramin inji, domin na tsakiya zai daɗe da ɗumi. Ku sani kuma sanyi ba ya kashe bakteriya, barci kawai ya ke sa su. In za a narkar, a sauko da nama cikin firiji ya kwana, kada a bar shi a kan tebur, kuma a dafa shi ya dahu har ciki.

Kakanninmu da ba su da lantarki sun bi ta wata hanya, watau hana ƙwayoyin nan ruwa. Mai kilishi yana feɗe tsoka siriri kamar takarda, ya shanya ta bushe, ya tsoma a labu na tunkuza da gishiri da kayan yaji, ya sake shanyawa, sa'an nan ya gasa. Iskar Riyad busasshiya ce ƙwarai, ta dace da wannan aiki, in dai an kare naman daga ƙuda da ƙura. Wanda ya mai da wani kashi na rabonsa kilishi ko soye ko dambu, ko injinsa ya ɓaci ba zai yi hasara duka ba.

To, malam mai tambaya, ga amsarka a taƙaice. Ribar kuɗi tana iya zama kaɗan, sai lissafin da muka nuna ya tabbatar muku. Amma za ku san dabbar da kuka ci da shekarunta da lafiyarta. Ku yi ciniki a kan nauyin ganga, ku yanka a mayankar hukuma, ku bar nama ya kwana a sanyi, kuma kowa ya tabbata yana da wurin ajiye rabonsa kafin a biya kuɗi.