Shingen Bishiya Don Rufin Asirin Tsakar Gida

A Unguwar Mu'azu da ke Kaduna benaye na ƙara tashi, kuma maƙwabcinka na sama yana hango tsakar gidanka duk tsawon katangarka. Kafin ka kira magini ya ƙara bulo, gwada shuka.

Kada ka wahalar da kanka neman itacen al'ul na duwatsun Labanon. Sanyi yake so, zafin Kaduna a watan Maris ba nasa ba ne. Abin da ya dace da mu ita ce doguwar bishiyar nan siririya mai ganye a rataye, 'yar asalin Indiya, wadda masu sayar da furanni a bakin titi ke kira maskared. Ba ta tsiraicewa da hunturu, kuma sama take miƙewa, ba ta cinye fili.

Shuka a watan Yuni, bayan damina ta zauna. Haƙa rami mai zurfin rabin mita, ka gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen takin shanu. Ɗanye yana ƙona saiwa. Bar mita 1 tsakaninta da katanga, mita 1.5 tsakanin bishiya da bishiya. Ranin farko shi ne jarrabawa: daga Nuwamba zuwa Afrilu sai da ban ruwa, kana duba gindinta saboda gara, kana tsare ta daga awaki.

Dogon yaro da bishiyar turare kuwa, ina roƙonka ka nisanta su da katanga da ramin salga, domin saiwarsu na fasa gini. Ka kuma sanar da maƙwabcinka kafin ka haƙa.