Darasi na 14: Kwaɗon Kan Tsauni

Kowa ya san kwaɗo. Da damina yakan zuba ƙwai a kududdufi, ƙwai ya zama talibambam, talibambam ya zama kwaɗo. Amma ba kowane kwaɗo ne haka ba.

Masu ilmi sun kasa kwaɗi dangi dangi, kamar yadda muke kasa dawa, ga kaura ga farfara. Wani dangi sunansa Pristimantis. Yana da iri fiye da 500. Yawancinsu suna Amurka ta Kudu, a tsaunukan Andis, cikin ƙasashen Kolambiya da Ekwado da Peru.

Su ba ruwansu da kududdufi. Macen takan saka ƙwai a wuri mai laima, ƙarƙashin ganye. Ɗan kwaɗo ya ƙyanƙyashe da ƙafafunsa huɗu, bai yi talibambam ba.

A shekarar 2015 aka raɗa wa wani irinsu suna Pristimantis mutabilis. Tsawonsa bai kai inci guda ba. Cikin 'yan mintoci fatarsa takan sāke, daga mai ƙaya-ƙaya ta koma sumul. A wurare kaɗan aka same shi, cikin kurmin tsaunin Ekwado, inda gajimare ke sauka kan itatuwa.

To, ku duba. In aka sare kurmin nan, ina zai koma? Ba shi da wani gida a duniya.

Tambayoyi
1. Ina macen take saka ƙwai?
2. Me zai sami kwaɗon nan in aka sare kurmi?